Yadda nake toshe ɓarakar sirri a laburaren requests na Python

Akwai wata 'yar manhaja da na rubuta wa wata makaranta shekarun baya. Aikinta ɗaya ne: kowace safiya ta duba sunayen ɗaliban da ba su kammala biyan kuɗin zango ba, ta tura wa iyayensu saƙon tes ta hannun wani kamfanin aika saƙonni. Intanet ɗin makarantar ba ya fita kai tsaye, sai ta kan firoksi, wato wata kwamfuta da ke tsakani tana miƙa buƙatu waje, mai neman suna da kalmar sirri, don haka na cusa sunan da kalmar a cikin adireshin firoksin, na ci gaba da harkokina. Manhajar ta yi ta aiki ba tare da ta taɓa ba ni matsala ba, ni kuma ban sake waiwayarta ba.

A watan Mayun 2023 aka fitar da sigar 2.31.0 ta requests, laburaren da manhajar ke amfani da shi wajen magana da intanet, da bayanin cewa ta toshe wata ɓaraka mai lamba CVE-2023-32681 (CVE lamba ce da ake ba kowace ɓarakar tsaro da aka sanar). Da na karanta bayanin sai gabana ya faɗi, domin yanayin da aka siffanta daidai yake da nawa, har yadda na rubuta adireshin firoksin. Na shiga sabar makarantar na tarar da 2.25.1 zaune. Tun daga ranar na tsara wa kaina hanyar da nake bi duk sanda irin wannan sanarwa ta fito, kuma ita zan shimfiɗa maka a nan.

Ta ina sirrin yake zubewa

Requests laburare ne da masu rubuta Python ke amfani da shi wajen tura buƙata zuwa wata sabar a intanet da karɓo amsa. Kenneth Reitz ne ya fara shi a 2011, yanzu kuma yana ƙarƙashin kulawar gidauniyar Python. A ƙarƙashinsa akwai wani laburaren, urllib3, wanda shi ne yake ainihin buɗe layi da rufewa. Ka riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Ka ɗauka ka aiki yaro Kantin Kwari da ambulan, a bayan ambulan ɗin ka rubuta lambar sirrin da mai shago zai gane daga gare ka saƙon ya fito. Yaro ya isa, sai aka ce masa ai shagon ya tashi, ya koma layin baya. Yaro mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa: wanda ke layin bayan nan, shi ne mutumin da aka aike ni wurinsa, ko wani ne daban? In wani ne, ya kamata ya goge lambar kafin ya miƙa ambulan. Yawancin ɓarakar da aka samu a requests a daidai wannan gaɓar take. Sabar takan amsa da lamba 301, 302, 307 ko 308, ma'ana "abin da kake nema ya koma can", shi kuma requests yana bin wannan karkatarwa da kansa ba tare da ya tambaye ka ba, har sau 30 a jere. Rubutun bayan ambulan ɗin shi ne layukan da ke saman buƙata, irin su `Authorization` da `Proxy-Authorization` da `Cookie`.

A 2018 aka gano cewa in sabar ta karkatar da kai daga https zuwa http a kan suna ɗaya, requests yana sake tura `Authorization` a fili, ba rufi, duk wanda ke laɓe a kan hanya zai iya karantawa. Wannan ita ce CVE-2018-18074, an gyara ta a 2.20.0.

Ta 2023, wadda ta shafe ni, ta fi wuyar gani. Idan kana zuwa adireshin https ta kan firoksi, kalmar sirrin firoksin ana ba firoksin ne kawai, a lokacin da ake neman ya buɗe rufaffen rami zuwa sabar da kake nufa. Bayan ramin ya buɗu, duk abin da ke wucewa ciki a rufe yake, firoksin ba ya gani balle ya cire wani abu. To bayan karkatarwa sai requests ya ɗauki `Proxy-Authorization` ya sake manna shi a kan buƙatar da ke bin cikin ramin, ta wuce firoksin, ta sauka a hannun sabar ƙarshe. Wato makullin ƙofar gidanka ka ba baƙon da ka je wurinsa. Wannan kuskure ya zauna tun daga 2.3.0 har 2.30.0, kusan shekara tara.

Akwai ta 2024, CVE-2024-35195, wadda aka gyara a 2.32.0. In ka buɗe `Session`, wato zama ɗaya da buƙatu da yawa ke bi ta cikinsa, ka tura buƙatar farko da `verify=False`, mai kashe tantance sabar, duk buƙatun da suka biyo baya zuwa wannan sabar za su ci gaba da tafiya ba tare da an tantance takardar shaidarta ba, ko da ka mayar da `verify=True`, matuƙar layin farkon yana nan a buɗe.

Sai kuma ta fayil ɗin `.netrc`, CVE-2024-47081, wadda gyaranta ya fito a 2.32.4 cikin watan Yunin 2025. Wannan ba ta ma buƙatar karkatarwa. `.netrc` fayil ne a babban folda ɗin mai amfani da kwamfuta inda ake ajiye sunan sabar da suna da kalmar sirri, requests kuma yana leƙa shi da kansa in ba ka ba shi wata shaida ba. Wajen ciro sunan sabar daga adireshi, tsohon requests yana yanke rubutun ne a kan alamar ɗigo biyu (`:`) ta farko bayan `http://`. Sai mugu ya ba ka adireshi kamar `http://banki.example:@mugu.example/`. Requests ya karanta abin da ke gaban ɗigo biyun, ya ɗauko sirrin `banki.example`, alhali buƙatar `mugu.example` za ta tafi. In manhajarka tana karɓar adireshi daga hannun jama'a, kamar mahaɗin hoto ko adireshin da za a riƙa tura wa sanarwa, wannan ta shafe ka kai tsaye.

Fara da gano kwafi nawa kake da shi

Kuskuren da na fi gani wurin abokan aiki shi ne mutum ya buga `pip install --upgrade requests` (pip shi ne mai girka laburaren Python), ya ga an rubuta an yi nasara, ya rufe kwamfuta. A sabar guda ana iya samun requests uku ko huɗu: na tsarin kwamfutar, na kowane keɓaɓɓen muhallin venv, da na cikin Docker, mai kulle manhaja da kayanta a cikin kwantena. Wanda ka sabunta ba lallai ne ya zama wanda manhajar take ɗauka ba.

Ka tambayi ainihin Python ɗin da ke gudanar da manhajar. In cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, ne ke tayar da ita, buɗe `crontab -l` ka ga cikakkiyar hanyar Python da aka rubuta a can. In systemd ne, mai kula da manhajojin da ke gudana a Linux, duba layin `ExecStart` a fayil ɗin manhajar. Da wannan Python ɗin za ka buga:

```
/hanya/venv/bin/python -c "import requests, urllib3; print(requests.__version__, urllib3.__version__, requests.__file__)"
```

Abu na uku da zai fito, wato inda fayil ɗin yake zaune, ya fi lambar muhimmanci a wannan matakin. In ka ga `/usr/lib/python3/dist-packages`, na tsarin kwamfuta ne. In ka ga `site-packages` a cikin folda ɗin aikinka, pip ne ya sa shi. Maganinsu ba iri ɗaya ba ne.

Daga nan ka share sabar gaba ɗaya:

```
find / -type d -iname "requests-*-info" 2>/dev/null
```

A sabar makarantar nan wannan umarni ya fito mini da wani tsohon venv na gwaji da wani aikin dare yake amfani da shi har lokacin. Da ban nema ba, da yana nan da tsohon laburarensa.

Sabuntawa

Ga wanda pip ya sa, ka shiga muhallin ka buga:

```
python -m pip install --upgrade "requests>=2.32.4" urllib3
python -m pip check
```

Na sa 2.32.4 ne a matsayin mafi ƙarancin abin da ya rufe ɓarakoki huɗun da na ambata. In pip ya kawo maka wanda ya fi shi sabunta, karɓi. Ina rubuta `python -m pip` maimakon `pip` zalla saboda ta haka ne nake da tabbacin pip ɗin na wannan Python ɗin ne.

Na haɗa da urllib3 da gangan. Sabunta requests kaɗai ba ya taɓa shi in wanda ke nan ya cika sharaɗi, shi kuma yana da nasa tarihin. A Oktoban 2023 an gyara CVE-2023-43804, inda `Cookie` ke bin karkatarwa zuwa wata sabar daban, a 1.26.17 da 2.0.6. A 2024 an gyara CVE-2024-37891, ta `Proxy-Authorization`, a 1.26.19 da 2.2.2. Waɗannan sun fi shafar wanda ke kiran urllib3 kai tsaye, domin requests da kansa yake tafiyar da karkatarwarsa, amma laburare da yawa a cikin aikinka suna iya kiransa ba da saninka ba. Abu ɗaya da zai iya ba ka ciwon kai: urllib3 na 2 yana buƙatar OpenSSL 1.1.1 zuwa sama. A tsohuwar sabar irin CentOS 7 zai ƙi tashi. In haka ta faru, ka tsaya a layin 1.26 da `"urllib3>=1.26.19,<2"`, ka fara shirin barin wannan sabar.

Kada ka manta `requirements.txt`. In an rubuta `requests==2.25.1` a ciki, ranar da aka sake ɗora manhajar tsohon zai dawo ya zauna kamar ba a yi komai ba. Ka gyara lambar a can, ka tura gyaran ma'ajiyar aikin, in kana amfani da Poetry ko Pipenv ka sabunta fayil ɗin kullewarsu.

Ga na tsarin kwamfuta kuwa, kada ka taɓa shi da `sudo pip`. Kayan aikin tsarin da kansu sun dogara da shi, shi ya sa Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 suke hana ka da saƙon `externally-managed-environment`. Hanyarsa ita ce apt, mai girka kayan tsarin:

```
sudo apt update
sudo apt install --only-upgrade python3-requests python3-urllib3
```

A nan mutane ke rikicewa. Bayan ka gama, lambar za ta iya zama yadda take. Ubuntu 22.04, misali, da 2.25.1 yake zuwa, kuma a haka zai ci gaba da nunawa. Masu kula da Debian da Ubuntu ba sa ɗauko sabon laburare dungurungum, facin kawai suke cirowa su ɗinka a kan tsohon, sai su ƙara 'yar lamba a wutsiyar sunan. Don ka tabbatar, buga `apt changelog python3-requests` ka nemi lambar CVE ɗin da idonka. Saboda haka 2.25.1 na apt zai iya zama gyararre, 2.25.1 na pip kuwa ba a taɓa gyara shi ba. Nawa na pip ne.

Sannan ka sake tayar da manhajar. Python yana loda laburare cikin ƙwaƙwalwa ne lokacin da ya tashi, manhajar da ke gudana tun makon jiya tana nan da tsohon ko da ka sauya fayil ɗin da ke kan faifai. `systemctl restart` ga mai systemd. Ga mai Docker, sake gina hoton da `docker build --no-cache`, ka sauke tsohuwar kwantena ka ɗora sabuwa. Shi ma pip yana ɗauke da nasa kwafin requests a cikinsa, wanda ba ya sabuntuwa sai ka sabunta pip ɗin kansa.

Ina ba da shawarar ka fara gwadawa a kwamfutarka kafin sabar aiki. Da aka fitar da 2.32.0 a Mayun 2024, gyaran ya taɓa yadda ake buɗe layi a ciki, laburaren da suka gina nasu a kan wannan sashe suka karye, har da na Docker na Python. Sai da aka janye 2.32.0 da 2.32.1 daga PyPI, rumbun da pip ke ɗauko laburare, aka fitar da 2.32.2. Ni ba na sabunta komai ranar Juma'a da yamma, ko ana gobe za a fara karɓar kuɗin makaranta.

Gwaji da idonka

Ba na son dogara da lamba kaɗai, musamman ga na apt. Ta `.netrc` tana da gwaji mai sauƙi da ba ya cin data ko kaɗan, ba ya kuma tura komai waje:

```
echo "machine banki.example login gwaji password karya123" > /tmp/gwaji
NETRC=/tmp/gwaji python -c "from requests.utils import get_netrc_auth as g; print(g('http://banki.example:@mugu.example/'))"
```

In ya fito maka da `gwaji` da `karya123`, ɓarakar tana nan. In ya rubuta `None`, an toshe. Requests ya fara karanta `NETRC` ne daga 2.25.0, don haka in naka ya girmi wannan, `None` ɗin da za ka gani ba shaida ba ce, ka sabunta kawai.

Don sanin ko manhajarka tana cin karo da karkatarwa a aikinta na yau da kullum, duba `history` na amsar. Duk amsar da aka bi ta kanta kafin a iso ta ƙarshe tana jere a ciki, kowace da adireshinta. Na ƙara layi ɗaya a manhajar makarantar da ke rubuta wannan a littafin aiki, sai ga shi adireshin kamfanin saƙonnin da na rubuta tun farko ya daɗe da komawa wani, kullum ta karkatarwa ake isa. Na gyara adireshin zuwa na yanzu, karkatarwar ta ɗauke gaba ɗaya.

In ba za ka iya sabuntawa yau ba

Wani lokacin Python ɗin ne ya tsufa. Requests 2.28 ya daina tallafa wa Python 2.7 da 3.6, 2.32 kuma ya ajiye 3.7. In kana kan ɗaya daga cikinsu ka buga `pip install --upgrade requests` ba tare da lamba ba, pip zai tsaya a sigar ƙarshe da ta dace da kai, ya yi shiru, kai kuma ka ɗauka ka kai ƙarshe. Kafin ka samu sararin ɗaga Python ɗin, akwai abin da za ka yi a cikin rubutunka.

Sa `allow_redirects=False` a duk buƙatar da ke ɗauke da sirri. In amsa ta zo da 301 ko 302, kai za ka karanta `Location`, ka duba sunan sabar da kuma ko https ne, sannan ka yanke shawarar bi ko ƙi. Wannan ya rufe ta 2018 da ta 2023. Ga ta `.netrc`, ka yi amfani da `Session` ka sa `trust_env = False`. Ka sani wannan yana kashe karanta `HTTP_PROXY` da `HTTPS_PROXY` da `REQUESTS_CA_BUNDLE` daga muhalli, don haka sai ka rubuta firoksinka da hannu a cikin `proxies`. In kuma ba ka amfani da `.netrc` ɗin, goge shi. In kana amfani, `chmod 600` kuma a bar abin da ake buƙata kawai a ciki.

`verify=False` kuwa, ina roƙonka ka nemo shi a aikinka da `grep -rn "verify=False"` ka cire. Yawanci an sa shi ne wata rana da takardar shaidar wata sabar cikin gida ta ƙi karɓuwa, aka ce za a gyara daga baya. Gyaran shi ne ka karɓo fayil ɗin shaidar daga mai sabar, ka ba `verify` hanyar fayil ɗin.

Akwai abin da babu sigar da ta gyara maka shi. Idan karkatarwa ta kai ka wata sabar daban, requests yana cire `Authorization` ne, domin shi ya sani a matsayin sirri. In kamfanin da kake hulɗa da shi ya ce ka sa makullinka a wani layi na daban kamar `X-Api-Key`, requests ba shi da hanyar sanin sirri ne, zai ɗauke shi ya kai duk inda aka karkatar da shi. Ga irin waɗannan buƙatu, `allow_redirects=False` ya zama ɗabi'arka ko da kana kan sabuwar siga fil.

Sauya makullan

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, ni kuma shi na fi damuwa da shi. Sabuntawa tana hana zubewar gaba ne. Abin da ya riga ya fita ya fita, yana iya zama a littafin aikin wata sabar da ba ka san mai ita ba, a rubuce ɓaro-ɓaro. Kalmar sirrin da ke cikin `Authorization` ko `Proxy-Authorization` irin ta Basic ba a rufe take ba, base64 ne kawai, wanda ake warwarewa da umarni ɗaya.

Ka zauna ka rubuta duk sirrin da ya taɓa bi ta tsohon laburaren a yanayin da ɓarakar ta siffanta: kalmar firoksi in akwai karkatarwa zuwa https, duk abin da ke cikin `.netrc` in manhajar tana karɓar adireshi daga waje, makullin kamfanin biyan kuɗi ko na aika saƙo in an taɓa karkatar da kai zuwa http. Jerin aikin yana da muhimmanci. Sabuntawa da sake tayar da manhaja su ne farko, sauya makulli ya biyo baya, in ba haka ba sabon makullin ma ta tsohon ramin zai bi. Ka ƙirƙiri sabon, ka sa shi, ka tabbatar yana aiki, sannan ka soke tsohon. Ka tabbatar an soke shi ɗin, domin wasu kamfanonin suna barin tsoho da sabo su yi aiki tare har sai ka kashe ɗaya da hannunka.

A makarantar, sai da na je na samu mai kula da intanet ɗinsu na yi masa bayani baki da baki. Na ce masa, "Malam, ban ga alamar wani ya yi amfani da kalmar nan ba, amma ta fita daga hannunmu, gara mu sauya." Kalmar ɗaya ce duk ofisoshin ke amfani da ita, don haka sauyawar ta ci mana yini guda muna bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar muka ware wa manhajar nata sunan da tata kalmar, yadda in irin haka ta sake faruwa abu ɗaya kawai za a sauya.

Don kada sanarwa ta gaba ta wuce ni, na sa pip-audit a kowane aiki. Yana kwatanta abin da ke cikin muhallinka ko `requirements.txt` da rumbun ɓarakokin da aka sani, ya jero maka lambar kowace da sigar da ta gyara ta:

```
python -m pip install pip-audit
pip-audit -r requirements.txt
```

In aikinka yana GitHub, kunna Dependabot a sashen tsaro na ma'ajiyar, zai riƙa turo maka gargaɗi har da shawarar gyara. Ga sabar makarantar, wadda ba ta GitHub, na sa cron ya gudanar da pip-audit duk ranar Litinin da safe a kan kowane venv da `find` ya nuna mini, ya turo sakamakon zuwa imel ɗina.